Bututun Zafi a Bangon Yakasai

Shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano aka sa dokar hana fita, Mustapha mai tace finafinai ya rufe shagonsa, ya kwaso kwamfutarsa ya dawo da ita gida Yakasai. Wata biyu ba aiki, sai ga wani darakta ya kawo masa fim. Amma tsohuwar na'urar ta gaji. In ya kunna hoton don ya duba, sai ya riƙa tsayawa yana tafiya, murya ta yi gaba, baki na baya. Yaya mutum zai san inda zai yanka a haka?

Ya ƙara wa kwamfutar ram, wato ma'adanar da ke ƙara mata sauri, ya sa mata katin sarrafa hoto mai ƙarfi. Hoto ya miƙe sumul. Sai dai katin akwai ɗaukar zafi kamar wuta, da ya yi zafi sai tsayawar ta dawo. Mustapha kuwa akwai dabara, akwai taurin kai. Ya huda bango, ya zura bututu, ya sa fanka tana tura zafin cikin wani ɗaki da aka toshe tun zamanin kakansa. Matarsa Yagana ta ce ko ruwan zafi ba a zubarwa ba bismilla, balle a hura wuta inda ba a san mai kwana ba. Ya ce ta ji da girkinta.

Ran kwana na uku, ana kiran magariba, unguwa tsit saboda doka, tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta sake faɗowa. Sai kuka siriri daga bayan bango, irin na jariri da ya gaji da kuka. 'Yarsu Aisa, mai shekara tara, tana alwala a bakin rariya. Ta ajiye butar a hankali, ta miƙe, ta tafi ta dafa bangon nan. Da uwar ta taɓa ta, jikin kamar garwashi.

Kwana biyu yarinya ba ci ba magana, zazzaɓi na cin ta. Kuma wallahi Mustapha bai kashe na'urar ba. Ya ce maleriya ce.

Yagana ce ta bi ta ƙofar baya da yamma ta ɗauko Goni Jibrin, malamin lungunsu, tsoho mai ƙarancin magana. Ya zauna kan buzu ya fara karatu. Bai yi nisa ba Aisa ta tashi zaune, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya, cike da ƙiyayya. Ta ce sun riga kakan Mustapha zama a toshasshen ɗakin nan, ba su taɓa taɓa ko kazar gidan ba. Yanzu kwana biyar ana gasa mata jika.

Goni ya ce zalunci haramun ne tsakanin mutum da aljan, yarinya ba ta huda bango ba. Ta ce nata jikan ma bai huda ba. Aka ja, aka ja, har ta sauko.

"A kashe wutar nan yanzu, a toshe ramin, in sake ta. Nawa ya huce, taku ta huce."

Goni ya dubi Mustapha. Mustapha ya dubi allon kwamfuta, inda hoto ke tafiya lafiya lau. Ya san in ya rufe bututun, katin ba zai yi minti goma ba.

"Malam, a roƙe ta zuwa isha'i," in ji shi. "Fitowa ɗaya ta rage a fim ɗin."

Bakin yarinyar ya yi wata dariya da ta sa Goni kansa sunkuyar da kai. Yagana ta tashi, ta fizge wayar wutar daga bango, ta yaye mayafinta ta cusa a bakin bututun. Fanka ta tsaya. Kukan bayan bango ya yi ƙasa, ya ɗauke. Aisa ta yi atishawa sau uku, ta zube a cinyar uwarta, gumi ya keto mata.

Can ta buɗe ido ta nemi ruwa. Mustapha ya ruga randa ya ɗebo, ya durƙusa ya miƙa mata kofi. Ta daɗe tana kallonsa da idonta na gaske.

"Baba, ina jin ka fa da ka ce zuwa isha'i," ta ce. Ta juya ta ce Inna ta ba ta.