Dubiya a Bakin Titi

"Ina sandata?"

Mijina Shekari bai ɗago ba. Yana ta goge takalminsa na zuwa masaƙa kamar bai ji ni ba.

"Baban Daniel, da kai nake."

"Yaya Rebecca ta ajiye ta..."

Yayarsa ce. Ta zo daga ƙauye jinyata tun da na faɗo daga bas a Kakuri aka yi mini aiki a ƙugu. Likita ya sa ƙarfe, ya ce in riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Yaya kuwa ta ce a gidansu mara lafiya a gado ake iske shi. In matan zumuntar coci suka zo dubiya suka gan ni a tsaye, za a ce dangin miji ba sa kula da ni.

Ta shigo da kofin kunu.

"Matarmu, koma ki kwanta. Yau matan zumunta na unguwar Narayi za su zo."

"Yaya, tun kafin Ista nake kwance don baƙi su ji daɗi. Dubi ƙafata yadda ta tsotse."

"An yanka ki kamar akuya, kina zancen yawo? So kike a yi da mu a coci?"

Na dubi Shekari. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, bai taɓa ce mata a'a ba.

"Kai za ka zauna da gurguwa, ba coci ba," na ce masa.

Ya ci gaba da goge takalminsa.

Raina ya ɓaci. Na dafa bango na ja ƙafa har ƙofar gida, zafi na sukata kamar ƙusa. Daga nan babu abin dafawa. Na taka a haka. Gwiwata ta lanƙwashe, sai na ji hannu a bayana.

"Shekari!" in ji Yaya. "A gabana?"

"Ki yi haƙuri, Yaya," ya ce. "Matata ce."

A bakin titi muka yi kiciɓis da matan, da kwanonin abinci a kai. Suka tsaya baki buɗe.

"Mara lafiyar tana aikin da likita ya sa ta," ya ce musu. "Ku shiga, akwai kunu."

Muka wuce.

"Ka daɗe ba ka tsaya mini ba," na ce.

"Na sani, Celina tawa... yafe mini."

"Sai na kai gindin wancan mangwaron. Riƙe ni da kyau."