Wanda Ke Ɗauke da Kaya

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Injiniya ta nufi ƙasan benen asibitin, jakar kwamfuta a kafaɗa, takarda ɗaya a hannu. Aikin awa guda ne ya kawo ta. Za ta ɗaga lasisin rumbun bayanan asibitin daga ƙarami zuwa babba, ta kama hanyar gida.

Maigadi yana bakin matakala yana naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Injiniya, da magaribar nan? Ke kaɗai?"

"Abokin aikina matarsa ce ke naƙuda, Baba. Yanzun nan zan fito."

"Injinan naku ba sa haƙuri gari ya waye?"

"Tsakanin tashin masu aikin rana da zuwan na dare kaɗai aka ba mu."

Ya girgiza kai. "Dogo dai ban taɓa ganin ya shiga ɗakin nan shi ɗaya ba. Wai ina labarinsa ne? Yaron kirki."

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta sauka.

Hanyar doguwa ce, ta bi ta gaban ɗakin wanki. Warin maganin goge ƙasa ya cika ta, da ɗumin zannuwan da aka gama gugewa. A can ƙarshe ƙofar ƙarfe take. Ta ɗora katinta, fitila ta yi kore, ta tura. Sanyin na'ura ya daki fuskarta.

Ba ta yi sallama ba. Ita dama ba ta yi. Dogo, wanda ya koya mata aikin nan, shi ne mai wannan ɗabi'a, kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa ɗakin da ba kowa sallama, ita kuwa ta yi ta tsokanarsa: "To, Malam, sun amsa?" Sai ya yi murmushi kawai.

Sabar biyu ce, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan asibitin, a cikin durowar ƙarfe, ɗaya a kan ɗaya. Dogo ya raɗa musu Yaya da Ƙani. Kullum ɗaya ne ke ɗauke da kaya, wato sunayen marasa lafiya, sakamakon jini, da maganin da aka rubuta wa kowa. Ɗayan yana zaune yana sauraron ɗan'uwansa ta wata siririyar waya da suke kira bugun zuciya. In mai kaya ya faɗi, ɗayan ya cafe kafin kowa a sama ya sani. Doka biyu Dogo ya koya mata. Ba a taɓa wanda ke ɗauke da kaya, sai an fara juye wa ɗan'uwansa. Kuma mutum biyu ke yin aikin, ɗaya yana karanta matakai, ɗaya yana danna madannai.

Duka biyun ta karya, wata takwas da suka wuce, a kan wannan aikin dai.

A ranar, Dogo ya hau sama karɓo wa mahaifiyarsa magani. "Minti goma, Uwar Sauri. Kar ki taɓa komai." Ya bar kwamfutarsa a buɗe da sunansa, ya bar mata rigarsa ta sanyi don ya ga tana rawar ɗari. Ita kuwa so ta yi ya dawo ya tarar an gama, ya kalle ta irin kallon nan da yake yi mata in ta burge shi. Ba ta duba wa ke ɗauke da kaya ba. Ta zuba lambar lasisin a kan Yaya, alhali Yaya ne ke aiki. Ya sandare a tsakiya, Ƙani ya kasa karɓa. Awa huɗu asibitin ya yi a makance. Wata tsohuwa ta kwana da azumin tiyatar da ba a yi mata ba sai washegari.

Da aka buɗe rajistar aiki, sunan Dogo aka gani. Shugaban sashe ya tambaye shi a gabanta. Dogo ya kalle ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kuskurena ne, ranka ya daɗe." Ta buɗe baki, ta rufe. A ƙarshen wata aka sallame shi, aka ba ta kujerarsa.

Rigar tana nan rataye a bayan kujera ta biyu. Ba ta mayar masa ba, kuma ba ta iya ɗauke ta ba.

Ta zauna, ta shimfiɗa takardar matakan. Ta tabbatar akwai kwafin ajiya. Ta duba sau biyu: Yaya ne ke ɗauke da kaya. Ta shiga Ƙani, ta rubuta lambar lasisin harafi-harafi, ta jira. Minti goma sha biyu, ya gama lafiya. Ta sauke ajiyar zuciya. Ta juye kayan kan Ƙani, ta ga sun sauka daram. Saura Yaya, wanda yanzu hannunsa wayam.

Ta kai hannu kenan, sai allon ya motsa.

Kayan sun koma kan Yaya.

Ta ɗaure fuska. Yakan faru in waya ta saki. Ta leƙa bayan durowar, waya tana nan ƙam, fitilun bugun zuciya biyu suna ƙyaftawa tare. Ta dawo ta sake juyewa. Ta ƙirga zuwa ashirin. Ta kai hannu.

Suka sake komawa.

Can nesa, ta cikin bango, ta jiyo kiran sallar magariba siriri. Na'urar sanyaya ɗakin ta yi tari, ta ci gaba. Wani ƙamshi ya ratso sanyin, na sabulun nan mai lemun tsami. Ta san shi. Wata takwas rabon da ta shaƙe shi.

Kujera ta biyu ta yi ƙara, irin wadda take yi in mutum ya zauna.

"Mataki na huɗu," aka ce a hankali. "Duba wa ke ɗauke da kaya."

Muryar Dogo ce, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Abin kunya, kafin tsoro ya zo, daɗi ne ya fara zuwa. Zuciyarta ta yi tsalle kamar ta yarinya. Ya dawo. Ya huce.

Sai ta tuna ba ta ji buɗewar ƙofa ba.

Ba ta juya ba. A gilashin durowar tana iya hango inuwar kujerar. Rigar sanyin ba a rataye take ba kuma. Kafaɗun rigar sun cika. Hannayen rigar suna kan gwiwar da ba a gani.

"Na huɗu," aka maimaita. "Ina jiran ki, Uwar Sauri."

Ta lalubo wayarta a ƙarƙashin tebur. Lambarsa tana nan, sau nawa ta rubuta masa saƙo ta goge. Sanda ɗaya ce ta sabis. Ta danna. Ta yi ringi uku.

"Salamu alaikum?" Muryarsa, da ƙarar rediyo a bayansa, da tarin mahaifiyarsa. "Injiniya? Ke ce?"

"Kana ina?" ta raɗa.

"Ina gida mana, yanzu na yi alwala. Lafiya?"

A bayanta aka yi 'yar dariya, da muryarsa.

Ta zabura ta yi ƙofa, wayar a manne da kunne. Ta ɗora kati. Fitila ta yi ja. Ta sake. Ja. A ɗan allon makullin wani suna ya fito, sunan da aka goge daga asibitin nan wata takwas da suka wuce.

Fitilun rufi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, daga can ƙarshen ɗaki zuwa kanta.

Saura hasken allo, da ƙwayoyin kore biyu masu ƙyaftawa a jikin durowa.

Da wasu biyu, can sama kusa da rufi. Su ba sa ƙyaftawa.

Ta soma addu'a, harshenta ya harɗe. Farkon aya ɗaya take ta maimaitawa, ta kasa wucewa.

"Zauna," aka ce. Yanzu muryar ta yi kauri, kamar mutum biyu ke magana ta maƙogwaro ɗaya. "Ba ki gama ba."

Ba ta san yadda ta koma kujera ba. A allon an riga an buɗe Yaya. An cika lambar lasisin, harafi ashirin da biyar, ba kuskure. Yaya yana ɗauke da kaya. A sama akwai mutum ɗari uku a kan gadaje, masu aikin dare suna shigowa.

A gurbin mai aiki, sunanta ne.

Wani abu ya sauka a bayan hannunta na dama. Sanyi ƙalau, busasshe, yatsunsa sun fi nata yawan gaɓa. Ya ɗaga manuniyarta, ya kai ta saman madannin ƙarshe.

"Wancan karon da sunansa," aka raɗa mata a kunne. Numfashin yana warin tsatsa. "Ina nan. Na gani. Yau da naki."

Yatsan ya soma sauka.

"Injiniya!" Dogo ne a waya. "Kina ɗakin sabar? Wa ke tare da ke?"

Ta ja hannu. Kamar an dasa shi a siminti.

Yatsan ya taɓa madanni.

"Ni ce," ta ce. Da ƙyar ya fito. Sai kuma ya ɓalle da kuka. "Dogo, ni ce! Ni na taɓa Yaya ranar nan, da sunanka. Na yi shiru aka kore ka. Ni ce, wallahi ni ce, kuma zan faɗa musu!"

Har ƙarar na'ura ta ɗauke.

"Na sani," in ji Dogo a hankali. "Ai tun ranar na sani." Ya numfasa. "Kin yi sallama da kika shiga?"

"A'a."

"To yi yanzu. Da ƙarfi."

Ta yi.

Ba a amsa ba. Amma yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya, ba cikin gaggawa ba.

"Kar ki juya," in ji Dogo. "Ni zan karanta, ke ki danna. Soke abin da ke kan allon. Kin soke? To, na huɗu. Wa ke ɗauke da kaya?"

"Yaya."

"Juye wa Ƙani. Ƙirga zuwa sittin, Uwar Sauri, ba ashirin ba."

Ta juye. Ta ƙirga tana shassheƙa. A talatin da bakwai kujerar ta yi ƙara. A hamsin wani abu mai laushi ya faɗi ƙasa. Sittin. Kayan suna kan Ƙani, ba su motsa ba.

Haka ya yi ta karanto mata matakan da ka, daga ɗakin mahaifiyarsa, tana dannawa da hannun da ba ta jin yatsunsa. Minti goma sha biyun nan sun fi mata shekara. Da Yaya ya gama, fitilun kore biyu suka dawo suna ƙyaftawa tare. Ba ta ɗaga kai ta duba na sama ba.

Ƙofar ta buɗe da kanta.

Ta bar jaka, ta bar takarda, ta bar takalmi ɗaya. Ta wuce ɗakin wanki a guje. A bayanta ta ji an mayar da ƙofar a hankali, kamar yadda mai gida ke rufewa bayan baƙon da bai gayyata ba. A kan matakala ta faɗa jikin maigadi, ya tare ta yana salati.

Ranar Litinin ta kai wa shugaban sashe takarda shafi biyu da hannunta. Ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon ta. Aka sauke ta daga kujerar, aka mayar da ita gyaran firinta da jan waya. Aka rubuta wa Dogo wasiƙar ban haƙuri, aka ce ya dawo. Sai da ya yi sati uku yana shawara kafin ya amsa. A bayan hannunta na dama akwai shatin yatsu huɗu, fari fat, ba ya ciwo, amma ko a tsakar rana ta taɓa shi sanyi ne.

Ranar da ya dawo, ta kai masa rigarsa a wanke, a ninke. Maigadi ne ya ɗauko mata ita daga ƙasan ɗakin. Dogo ya karɓa, ya juya ta a hannu, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Cewa ya yi, "Ina neman mai karanta mini matakai ranar Asabar. Da rana."

Suna tafiya a doguwar hanyar nan ta tambaye shi abin da ya daɗe yana cin ta.

"Me ya sa kake yi wa ɗakin sallama tun farko?"

"Da wasa na fara," in ji shi. "Ranar da na kama aiki. Sai aka amsa."

Yanzu tare suke tsayawa a bakin ƙofar. Shi yakan fara yin sallama, ya ɗan karkata kai, ya gyaɗa, ya shiga. Ita ma ta yi tata, a nutse, ta tsaya tana sauraro, hannunta na dama a ɓoye cikin mayafi.

Har yau ba a amsa mata ba.