Dakan da Ashiru Ya Yi

"Ajiye taɓaryar nan, Sadiya!"

Na juyo a firgice. Mijina Ashiru ne, ko babur ɗinsa bai gama kafewa ba.

"Yau girkina ne, kuma Inna ta ce..."

"Me likita ta ce miki a Kazaure?"

Na sunkuyar da kai. Sau biyu ina ɓari, duk a wata na biyar. Sai a wannan cikin aka gano bakin mahaifata ne ke buɗewa tun lokaci bai yi ba. Aka ɗinke shi, aka ce ba daka, ba ɗaukar ruwa, sai haihuwa ta matso a warware zaren.

Inna, mahaifiyarsa, ba ta yarda ba. Ga Saude, 'yar ƙanwarta da ta so a ba Ashiru, kullum tana zuga ta: "Son jiki ne kawai! Wa ya taɓa jin an ɗinke mace kamar buhun gero?"

Jiya Inna ta yanke hukunci. In ba ta ji ƙarar turmina ba yau, in tattara in koma gidanmu Gwiwa.

"In na daka, in rasa cikin. In ban daka ba, in rasa ka..." Kuka ya ƙwace mini.

Ya saka ƙyauren sashenmu, ya cire hularsa ya ɗora mini a ka.

"Ƙarar turmi take son ji, ko? Za ta ji."

"Ashiru, in aka gan ka? Kaf Roni sai an yi da kai!"

"A yi mana, Sadiyata. Zauna."

Wayyo, dakan! Taɓarya na dukan bakin turmi, gero na tsalle waje, kaji sai murna suke.

Ba a jima ba aka banko ƙyauren. Inna ce, Saude na bayanta.

"Ba na ce miki an shanye shi ba!" in ji Saude.

"Tun daga ɗakina na san wannan ba hannun mace ba ne," Inna ta ce. "Ashiru! A gidan ubanka?"

Ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ki gafarce ni, Inna. Sau biyu ina haƙa ɗan ƙaramin rami a bayan gidan nan da hannuna. Wallahi ba zan iya na uku ba."



Inna ta daɗe tana kallon cikina. Ta goge ido da bakin zane, ta fizge taɓaryar ta miƙa wa Saude.

"Ungo, ke da ba a ɗinke ba."

Sannan ta harare ni. "Ke kuma shiga ki kwanta. In na ƙara ganin ki a tsaye da jikana, ni da ke ne."

Na kwanta, Ashiru ya ɗora hannunsa a kan nawa bisa cikin. Tsoron bai tafi ba, da sauran watanni a gaba...

Sai muka ji ɗan cikin ya motsa.