Murfin da Ya Narke

Ƙarfe biyu na rana aka kira ofishin 'yan sanda cewa gobara ta tashi a ɗakin gwajin wuta na jami'a. Kafin Sufeto ya isa har an kashe wutar, an kuma samo mai laifi. Irin wannan saurin bai taɓa kwanta masa a rai ba.

Wanda aka tsare shi ne Baba Tiyo, ma'aikacin da ya shekara ashirin da shida yana haɗa tukwanen gas a ɗakin. Yana zaune a benci, hannuwansa naɗe da bandeji, don da su ya jawo tukunyar gas waje. Farfesa, shugaban sashen, yana tsaye a kansa da takarda.

"Gas ya bari a buɗe ya tafi cin abinci," in ji Farfesa. "Tsufa ne. Ya sa hannu ya amsa, mu kore shi salin-alin, ba sai an je kotu ba."

"Da wane hannun, ranka ya daɗe?" Baba Tiyo ya ɗaga bandejin. "Ko da lafiyata ba zan sa ba. A kai ni kotun."

Sufeto ya ji tsohon ya burge shi. Ya wuce ciki.

Littattafan sakamako sun zama toka, kwamfutar ɗakin ta lanƙwashe. Wata na'ura mai ƙafa uku, kamar kyamara, tana fuskantar wani murhu, baƙar roba narkakkiya tana reto a bakinta. Dakta, matar da ke gudanar da binciken, tana tsaye a gefe ta harɗe hannu.

"Wannan fa?" Sufeto ya tambaya.

"Idonmu ke nan. Harshen wuta yake kallo, ya auna hasken da take fitarwa. Wutar da ke ci da kyau shuɗiya ce. Idan ta koma rawaya, hayaƙi take yi."

"Murhun wa kuke gwadawa?"

"Na Farfesa, wanda aka ba shi lambar yabo a kai. Sati mai zuwa za a raba shi ga gidaje dubu uku."

"Me idon ya gani?"

"Hayaƙin da zai cuci mata da yara a ɗakin girki. Na rubuta rahoto, ya ce in gyara. Na ce ya je ya gyara wutar."

"Yanzu duk ya ƙone?"

Dakta ta yi wani guntun murmushi. "Haka wani yake zato. Tun watan jiya na ja waya daga idon zuwa kwamfutar ofishina."

A ofishinta ta nuna masa wani layi a fuskar kwamfuta, yana tafiya yana ɗan rawa. Daidai ƙarfe ɗaya da minti goma, layin ya faɗi ƙasa warwas.

"Ko an kashe fitilu an ja labule ba ya kaiwa nan," in ji ta. "Murfi aka sa masa."

Bayan minti shida layin ya sake miƙewa, yana hawa a hankali.

Ta nuna wurin da yatsa. "Nan zafi ya narkar da murfin. Gas da ya taru farat ɗaya yake tashi. Wannan wuta a tsanake ta ci, irin ta takarda."

"Kuma ban taɓa jin gas ya rufe wa na'ura ido kafin ya kama ba," in ji Sufeto.

Yana saukowa wayarsa ta yi ƙara. Maigidansa ne na ofis. "Farfesa babban mutum ne. Ka rufe fayil ɗin a kan tsohon."

"Yallabai, ba na jin ka sosai," in ji Sufeto, alhali yana ji tar. Ya kashe wayar ya jefa a aljihu.

Ya tsuguna gaban Baba Tiyo. "Baba, kai kake rufe idon nan?"

"Ni ne, amma sai an tashi aiki. Da gwangwanin madara."

"Gwangwani? Ina murfinsa?"

"Farfesa ya karɓe tun bara, wai irina zai ɓatar. Ya kulle a durowarsa."

Gwangwanin yana nan a kan taga, ko gezau bai yi ba. Sufeto ya ɗauka, ya ɓamɓaro robar da ke bakin na'urar ya sa a leda, sannan ya nufi ofishin Farfesa, Dakta da tsohon suna biye.

"Rabona da ɗakin gwajin tun Litinin," in ji Farfesa.

"Madalla. To nuna mana murfin na'urar."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Buɗe durowar."

Farfesa ya daɗe yana juya makulli. Ɗan akwatin murfin yana ciki, wayam. Sufeto ya ajiye ledar kusa da shi, ya juyo da ita. Rabin lambar na'urar da ke jikin robar bai narke ba, kuma ita ce a jikin akwatin.

Farfesa ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Eh, ni na kunna! Shekara goma sha biyu ina kan murhun nan. Yarinyar da na koya wa riƙe ashana ce za ta rushe ni da layi ɗaya?"

"Ba ni ba ce, Malam," in ji Dakta, tana kallonsa ido cikin ido. "Kai ka koya mana kada mu yi wa wuta ƙarya."

"Kuma tsohon da ya ƙona hannu ya ceci gininku, shi za ka tura gidan yari," in ji Sufeto, ransa a ɓace. Ya ciro ankwa.

Suna fita, Baba Tiyo ya tare ƙofa, ya tallabo gwangwanin da hannuwansa masu bandeji.

"Ranka ya daɗe, kullum kana cewa abin kunya ne a ɗakin kimiyya. Da a ce da shi ka rufe idon, da bai narke ba."

Tsohon ya matsa gefe, ya ba su hanya.