Gurbi na Takwas

Aike ne kawai. 'Yar Dattijo ce ta tare shi a ƙofar asibitin da aka kwantar da mahaifinta, gab da magariba, ta miƙa masa mukulli.

"Kawu, don Allah ka ɗauko wa Baba ƙahonsa a ɗakin atisaye. Ya ce kada ya kwana can shi kaɗai."

"Ƙahon ne ke tsoron duhu?" ya ce, yana dariyar yaƙe.

Na-biyu ake ce masa, sunan ya bi shi har gida. Shekara goma sha tara yana busa tarambon a ƙungiyarsu ta kiɗan jaz, ƙahon tagullan nan mai doguwar sanda da ake ja ana turawa, kullum a kujerar da ke bayan ta Dattijo. Ya fi tsohon sauri, ya fi shi huhu, hannunsa ma ya fi tsawo. Amma da Dattijo ya miƙe, sai ya sauke wani sauti mai zurfi da babu mai koyar da shi, sannan ya yi shiru na numfashi guda. A cikin shirun nan mutane ke share hawaye. Na-biyu kuwa ba ya barin sarari ko na allura.

"Bar waƙa ta sha iska mana!" mai ganga kan ce masa. "Sai ka ce kare ya biyo ka."

Gurbi bakwai ne a sandar tarambon. Ka wuce na bakwai, ta zare ta faɗi ƙasa. Amma daga kujerar baya, Na-biyu ya sha ganin sandar Dattijo ta wuce nan, ta tsaya cak a iska. Sautin da ke ci masa rai, a can yake zaune.

Ɗakin atisayen a saman wani shagon ɗinki yake. Telan ya tashi. Matattakala na kuka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya danna makunni, ba wuta. Sai ɗan jan hasken yamma ta taga, da warin tsohuwar darduma da na man shafa sanda.

Akwatin na kan kujerar gaba.

Ya ɗauka. Ya kai ƙofa. Ya tsaya.

Shekara goma sha tara! Ya dawo ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba, ya buɗe akwatin, ya haɗa ƙahon. Bakin ƙarfen ya taɓa leɓensa da ɗumi, kamar yanzu wani ya cire nasa.

Ya busa. Gurbi na ɗaya, na uku, na shida. Na bakwai. Ya rufe ido ya tura.

Sandar ba ta faɗi ba.

Sautin ya fito. Gilashin taga ya yi rawa, fatar ganga a kusurwa ta amsa ita kaɗai. Daɗi ya rufe Na-biyu. Ga shi nan, nasa ne! Inda Dattijo ke yin shiru, shi sai ya ƙara wuta, ya zuba sauti a kan sauti.

Sai ya ji an ja.

Ba shi ya ja ba. Daga can ƙarshen sandar, inda hannun mutum ba ya kaiwa, wani na riƙe da ita.

Ya buɗe ido. Yatsu huɗu, dogaye, launin toka. Bayansu duhu.

Wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya.

"Ina rabona?" Muryar ta cikin ƙahon ta fito, a hankali, ta shige masa haƙora. "Shi yana bar mini numfashi guda. Ni nake busa shi."

Ya yi ƙoƙarin cire baki. Ƙarfen ya manne.

"Kai ba ka bari ba. To, zan ɗiba da kaina."

Iska ta juya. Ƙahon ya fara zuƙarsa.

Ƙirjinsa ya lotsa. Kunnuwansa suka toshe. Jan hasken taga ya koma baƙi.

Akwai wata 'yar madanna a ƙarshen sanda, wadda mabusa ke dannawa su zubar da ruwan numfashi. Tana can, dab da yatsun nan.

Ya ɗaga ƙafa. Ya laluba. Sanyi ya taɓa idon sawunsa.

Ya take ta.

Fuuu! Iska ta kutsa, ƙarfen ya sake shi. Bai san yadda ya sauko matattakalar ba.

Washegari da hantsi, shi da mai ganga suka koma suka ɗauko ƙahon, suka kai asibiti. Dattijo ya dubi leɓen Na-biyu da ya tsage, ya daɗe yana kallo.

"Ka gaisa da abokin aikina ke nan," ya ce. "Ai da ka tambaye ni, ƙanena."

Dattijo bai sake hawa dandamali ba. Kujerar gaba ta zama ta Na-biyu, da nasa ƙahon, mai gurbi bakwai. Sai dai a tsakiyar kowace waƙa numfashinsa kan ɗauke, guda ɗaya cif, ko yana so ko ba ya so. Ɗaki ya yi tsit. Mata su share ido. Sannan tafi ya ɓarke.

"Wannan shirun naka, Wallahi ya fi busarka daɗi," in ji mai ganga.

Na-biyu ya rusuna wa jama'a, yana murmushi da haƙora a cije. Ya san wa ake yi wa tafin. Har yanzu shi ne na biyu.