Sunan da Mastura Ta Kasa Faɗa

Rana ta take a kasuwar Bab Makka da ke Jidda, ƙasa tana ƙuna kamar an zuba garwashi, Mastura kuwa tana durƙushe a gefen masu yadi, ta baje kwanonin aurenta a kan buhu tana jiran mai saye. Ƙaramar 'yarta Madina tana goye, jikinta zafi rau, leɓɓanta sun bushe, don tun safe mai ruwa ya wuce ƙofarsu da garwayensa bai tsaya ba. Rabi, yayar Madina, ta gaji da kukan yunwa har ta yi shiru. Macen da ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ita ce yau ake nunawa da baki a unguwarsu ta Ammariyya, wai ta ci kuɗin hukuma!

Mijinta Bello ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Igiya ta tsinke, kaya suka danne shi, aka kawo shi gida a naɗe. Bayan ta fita takaba, wan mijin, Saleh, ya raka ta maktab, wato ofishin da ake ba matan mamata tallafi, ya tsaya mata shaida. Magatakarda ya ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Ta ce Rabi, ta ce Madina... sai ta sunkuyar da kai. Akwai ɗanta na fari, Abdulghaffar, wanda tun yaye aka ba Saleh riƙonsa, ya girma har ya gaji aikin ubansa a tasha. A Jidda aka haifi Mastura, amma kakarta da ta zo hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa ce ta rene ta, kuma a gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta san shi a gaban mutane. Ta jira Saleh ya faɗa, tunda shi ne mai riƙo. Saleh ya ji, ya gani, ya kalli rufi, ya dangwala yatsa.

Ba mantuwa ya yi ba, ajiya ya yi. Da aikin hajji ya matso ya zo ya ce ta kwashe yaranta ta koma ɗakin girki, yana so ya zuba alhazai haya a ɗakin ƙaninsa. Ta roƙe shi, ta ce ɗakin marayu ne, Yaya, a ji tsoron Allah. Bai yi faɗa ba, ya saka takalmansa ya fita. Kafin wata ya mutu labari ya isa maktab cewa Mastura tana da ɗa namiji mai aiki ta ɓoye don a ba ta tallafi mai yawa.

Aka yanke tallafin nan take, har rabon yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Aka ce ta mayar da duk abin da ya haura haƙƙinta, ga tara a kai, in ta kasa a kai ta gaban alƙali. Ta yi ƙoƙarin bayani, magatakarda bai ɗago kai ba, ya ce halas, wato an gama, yalla, mai bi mata ya matso. Wace irin hukuma ce ba ta bambanta ɓarawo da mai kuskure? Wanda ya shirya zamba da wadda kunya ta ɗaure wa harshe, duk sanda ɗaya! Ta sayar da gado, ta sayar da 'yan kunne, ta sayar da kwanoni, ramin bai cika ba. Kullum ta idar da salla sai ta ɗaga hannu hawaye na zuba, ba ta faɗin komai sai, ya Rabbi, kai ka san ban yi niyyar cuta ba...

Ranar da aka kira ta gaban mudir, shugaban maktab ɗin, Saleh ya riga ta zuwa, ya sha farar tobi, doguwar rigar Larabawa, yana girgiza kai wai abin kunya ya sami gidansu. Mudir ya fara magana ke nan sai ga wani saurayi ya kutso, ƙurar siminti har gira. Abdulghaffar ne. A tasha ya ji labari daga bakin abokan dako, don a gida an ɓoye masa. Ya ce tun da ya fara aiki a hannun baffansa Saleh yake zube ladansa, ko ƙirshi bai taɓa shiga hannun wannan baiwar Allah ba, kuma duk wanda ya san su ya san dalilin shirunta.

Mudir ya juya ga Mastura. Ya ce shi bai san wannan al'ada ba, abu ɗaya yake so, ta faɗa da bakinta ko wane ne wannan.

Ta dubi ƙasa, ta dubi Madina da ke numfashi sama-sama a cinyarta. Sannan ta ɗago kai ta ce:

"Ɗana ne. Abdulghaffar... ni na haife shi."

Saurayin ya zube a gabanta yana kuka kamar yaro, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yumma, ki yafe mini, da na sani da ba ki sayar da ko cokali ba."

Sai mudir ya tambayi wanda ya tsaya shaida ranar da aka rubuta ta. Saleh ya fara inda-inda, Larabcinsa ya watse, ya koma Hausa, ita ma ta ƙi shi. Yaron yana kwana a gidansa, yana cin guminsa, amma ya shaida cewa babu shi. Aka ɗora masa biyan da tarar gaba ɗaya, askari, wato ɗan sanda, ya tisa ƙeyarsa zuwa gaban alƙali kan shaidar zur, farar tobin tana jan ƙasa, mutanen Ammariyya suna kallo. Kada kowa ya ji tausayinsa. Mutumin da ya sa marayun ƙaninsa suka yini da ƙishirwa don kuɗin hayar ɗaki bai cancanci ko sannu ba.

Aka mayar wa yaran rabonsu. Abdulghaffar ya karɓi Madina ya saɓa a kafaɗa, ya ce asibiti za su fara zuwa, daga nan ya kwaso kayansa ya dawo ɗakin ubansa. Ya shige gaba, Mastura ta bi shi a baya riƙe da hannun Rabi, tana share ido da gefen mayafi.