Hancin Ƙirgau

Ƙirgau, na'urar ƙirga numfashi, ya yi ƙara, fitilarsa ta koma ja. Numfashin dattijon da ke gado na huɗu ya sauka zuwa shida a minti. Kafin Sista Lantana ta ƙaraso, hannun ƙarfen na'urar ya riga ya ɗora masa robar iska, ya tsira masa allurar karya maye. Ƙirjin dattijon ya ɗaga.

Aikin Ƙirgau ke nan a sashen gaggawa na asibitin Sabuwar Funtuwa. Idan ƙwaya ko barasa ta yi wa mutum yawa, ƙwaƙwalwa kan manta ta umarci huhu, sai ya zarce daga barci. Ma'aikaci kan gaji, amma Ƙirgau ba ya gyangyaɗi. A shekararsa ta farko ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Sai hukumar birnin ta ƙara masa hanci. Ya koma sansano abin da mutum ya sha, yana aika sunansa rumbun bayanai. Duk wanda sunansa ya shiga, ƙofar ma'aikata ba ta sake buɗe masa. Cikin wata shida gadajen suka koma wayam, aka yi ta shelar an ga bayan maye.

Wata Laraba da hantsi mahaifiyar Lantana ta kira ta.

"Zo gida yanzu. Ke kaɗai."

Ta tarar da ƙanenta Sagiru, direban jirgin kaya, a miƙe kan katifa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Tun da ya samu ciwon baya yake haɗiyar ƙwaya a ɓoye.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun da aka idar da asuba. Na ɗura masa madara."

"Me ya hana ki kira asibiti?"

"In abin nan naku ya rubuta shi fa? Wa zai riƙe masa 'ya'ya?"

Lantana ta kira motar asibiti, ta durƙusa tana hura masa iska baki da baki, har hannuwanta suka sage da danna ƙirji. Da motar ta iso, aka manna masa Ƙirgau. Bai samu abin ƙirgawa ba. Amma ya sansana, ya aika sunan.

Ba a sa Sagiru cikin mamatan asibiti ba, tunda a gida ya cika. Ran sadakar bakwai aka aiko wa Lantana takardar yabo: sashenta ya sake cinye shekara ba a yi rashi ba.